Wa Ya Rubuta Layun da Ke Rigar Sarkin Asante?

A fadar Manhyia da ke Kumasi akwai wata riga da ba a fito da ita sai ranar da ta isa rana. Mutanen ƙasar suna kiranta batakari kese, babbar rigar yaƙi. Asantehene, wato sarkin Asante, yakan sa ta a hidimar hawansa karaga da kuma jana'izar manyan gidan sarauta. Wanda ya saba ganin sarkin cikin kente mai ƙyalli, zinariya har yatsun ƙafa, a ranar sai ya ga wani mutum dabam. Riga ce ta saƙi irin ta mutanen arewa, ta yi duhu saboda tsufa, an lulluɓe ta da layu gaba da baya har da ƙyar ake ganin zaren. Wasu layun an ɗinke su cikin fata, wasu an yi musu gida da zinariya ko azurfa.

Duk wanda ya taso a Tafo Zongo, ko Aboabo, ko Sabon Zongo, ba sai an gaya masa mene ne wannan ba. Ya ga irinsa a wuyan jariri, ya gani a damtsen ɗan dambe, ya gani rataye a saman ƙofar shagon kakansa. Laya ce, ɗinkin dukawa. To sarakunan Asante ba Musulmi ba ne. Suna da Kujerar Zinariya wadda suka ɗauka ran al'ummarsu yana cikinta, suna da kujerun kakanni da ake yi wa hidima, suna da bokayensu. Me ya kai laya jikin sarkin kurmi a ranar da ya fi bukatar tsari? Wa ya rubuta ta? Nawa aka biya shi? Kuma ta tsare wanda ya sa ta?

Amsar farko: wadannin kurmi

In ka tambayi dattijon Asante inda kayan tsari suke samun ƙarfi, zai iya kai ka kurmi. A imaninsu akwai wasu halittu da ake kira mmoatia, wadanni ne 'yan ƙanana da tsawonsu bai wuce gwiwar mutum ba. Sawunsu yana fuskantar baya, don haka mai bin sawunsu nisa yake ƙara yi da su. Da fito suke magana da juna. Ana cewa sukan ɗauke mutum su ɓoye shi a daji kwana da kwanaki, ya dawo ya san saiwoyi da ganyaye, ya zama mai magani. R. S. Rattray, jami'in mulkin mallaka da ya daɗe yana nazarin al'adun Asante, ya rubuta bayaninsu a littafinsa na 1927 kan addini da fasahar mutanen ƙasar. Ya nuna cewa yawancin kayan tsarin da suke kira suman ana danganta ƙarfinsu ga itatuwa da waɗannan wadanni da sauran iskokin kurmi.

Akwai kuma ruwayar fada, wadda take haɗa rigar da Osei Tutu, wanda ya kafa daular, da bokansa Okomfo Anokye, a zamanin da suka karya ƙarfin daular Denkyira a Feyiase a 1701. Babu wanda zai raina wannan ruwaya, domin a kanta aka gina martabar rigar.

Sai dai amsoshin biyu suna tsayawa a wuri ɗaya. Suman na asali haɗi ne na saiwa, gashi, gashin tsuntsu, farcen dabba, ana ciyar da shi da ƙwai ko jini. Babu rubutu a cikinsa. Layun rigar sarki ba wanda ke kwance su, amma riguna irinta da suka faɗa gidajen tarihi na Turai an duba cikin layunsu, kuma abin da aka riƙa samu shi ne takarda a nannaɗe, da tawada, da haruffan Larabci, da hatimi mai gidaje. Babu wata ruwaya da ta ce wadannin kurmi suna riƙe alƙalami. Ita kanta takardar ba a kurmi ake yin ta ba, daga nesa take zuwa. Saboda haka mai son amsa sai ya bar daji ya bi hanya.

Hanyar da ta ratsa Tafo

Titin Mampong, wanda ya ratsa Tafo a yau cike da tirotiro da 'yan kasuwa, shi ne bakin tsohuwar hanyar arewa. Daga Kumasi ta bi Tafo, Mampong, Ejura, Atebubu, ta haye kogin Bolta a Yeji, ta shiga Salaga. Tafo ta girmi Kumasi a harkar ciniki. Kasuwa ce tun kafin Osei Tutu ya ci ta da yaƙi a ƙarshen ƙarni na 17 ya haɗa ta cikin daularsa, kuma abin da ya sa ta zama abin kwaɗayi shi ne zamanta a kan hanyar zinariya da goro.

Goro ne ya ɗaure Kano da Kumasi. Daga ƙasar Hausa ayari yakan tashi ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, da ɗaruruwan jakuna. Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka shahara a wannan fatauci. Sukan haye Kwara, su ratsa Borgu, su bi ta Sansanne Mango da Yendi, su sauka a Salaga, wadda muke kira Gwanja. Suna kawo turkuɗi, kanwa, jimammun fatu da dabbobi, har da bayi, domin wannan ma yana cikin cinikin zamanin. Su koma da huhunan goron kurmin Asante. Zuwa da dawowa kan ci wata shida har shekara.

Ayari kuwa ba ya tashi ba malami. Shi ke zaɓar ranar tafiya, shi ke jan salla, shi ke rubuta wasiƙa da lissafin bashi, shi ke yin addu'a in an doshi dajin 'yan fashi. A cikin gafakarsa akwai takarda da tawada. Wannan shi ne mataki na farko: hanyar da ta fitar da goro ita ta shigo da alƙalami.

Mataki na biyu yaƙi ne. Opoku Ware, wanda ya yi sarauta daga wajen 1720 zuwa 1750, ya tura rundunarsa arewa, ya rinjayi Gwanja, ya kai Dagomba a 1744 zuwa 1745. A waɗannan masarautu mutanen Asante suka tarar da wani tsari da ba su da shi. Kowane babban sarki yana da limami a gefensa, mai rubuta masa wasiƙa, mai yi masa addu'a, mai haɗa masa rigar yaƙi. Malaman Gwanja har tarihin ƙasarsu suka rubuta da Larabci a tsakiyar ƙarni na 18, suka sa mutuwar Opoku Ware a ciki. Wanda ya ci ƙasa da yaƙi yakan ɗauko abin da ya burge shi a cikinta. Asante ta ɗauko rigar, ta nemi masu rubuta mata layu.

Shaidu biyu da suka gani da ido

Har yanzu wannan hasashe ne mai ƙarfi. Ana bukatar wanda ya ga ciniki yana gudana.

A watan Mayu na 1817 wata tawagar Ingilishi daga Kef Kos ta shiga Kumasi, a cikinta akwai wani saurayi mai suna Thomas Bowdich. Sarkin lokacin shi ne Osei Tutu Kwame, wanda aka fi sani da Osei Bonsu. Bowdich ya ga jarumawan sarki sanye da riguna cike da layu, ya ga Musulmi zaune a fada da rawunansu da fararen tufafi, kuma ya rubuta farashi. Ya ce sarki ya biya sarkin Dagomba kimar bayi 30 saboda rigar yaƙin wani babban hafsan Asante mai suna Opoku, ya biya kimar bayi 20 saboda ta wani. Ya ce shugaban Musulmin garin, wanda ake kira Baba, ya karɓi aki 6 na zinariya, wato sama da giram 10, a kan wata 'yar laya mai kamar layi shida. Ya ƙara da cewa fallen takarda ɗaya kan iya riƙe ƙaramin malami wata guda a Kumasi.

Bayan shekara uku, a 1820, sai Joseph Dupuis ya zo a matsayin jakadan Ingila. Shi ya zauna a Maroko, yana jin Larabci, don haka malaman suka sake da shi, suka yi hira baki da baki. Daga rubutunsa da na Bowdich aka gane wane ne Baba: Muhammad al-Ghamba, mutumin Gambaga ta ƙasar Mamprusi, wanda yake da makaranta a Kumasi mai almajirai kusan 70. Unguwar Musulmi tana kusa da fada. Suna zama a majalisar sarki in ana maganar ƙasashen arewa, suna rubuta masa wasiƙu, suna raka shi yaƙi.

A nan ya kamata mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi mana daɗi ba. Yawancin waɗannan malamai ba Hausawa ba ne. Mutanen Gwanja ne, da Dagomba, da Mamprusi, da Wangarawa, sai tsirarun baƙi daga ƙasar Hausa da Borgu da ma nesa da nan. Zongon Hausawa na Kumasi bai kafu ba sai bayan kusan shekara 80. Amma iliminsu da namu ɗaya ne: allo ɗaya, littattafan Malikiyya ɗaya, hatimi ɗaya, kasuwar Salaga ɗaya.

To amma Bowdich da Dupuis baƙi ne, kuma baƙo yakan ga abin da ya zo nema. Ina rubutun malaman da hannunsu?

Damin takardu a ƙasar sanyi

Amsar ta fito daga inda ba wanda ya zata. A babban ɗakin karatu na masarautar Danmak da ke Kofenhagen akwai wasu damman takardu uku na Larabci, an ajiye su ƙarƙashin lamba 302 a jerin rubuce-rubucen Larabci. Sun haura warƙa 900. Sun yi fiye da ƙarni ɗaya a can ba wanda ya kula da su sosai, sai a farkon shekarun 1960 wani mai binciken tarihi, Ray Kea, ya jawo hankalin masana a kansu. Nehemia Levtzion ya nazarce su ya fitar da bayani a 1965, daga baya David Owusu-Ansah, ɗan Gana, ya yi musu littafi guda a 1991.

Da aka buɗe damman, sai aka ga mafi yawansu, kusan kashi 90 cikin 100, ba layu ba ne da aka riga aka naɗe. Littattafan aiki ne, wato bayanin yadda ake haɗa laya. Ga wadda ake yi don maganin ƙarfe da harsashi, ga ta samun galaba a fagen fama, ga ta sauƙin haihuwa, ga ta agana da kuturta, ga ta farin jini wajen sarakuna. Ana faɗin ayar da za a rubuta, da sunayen Allah da na mala'iku da za a sa, da hatimin da za a zana, da ko za a rataya ne ko a wanke a sha ko a binne a ƙofar gida. Duk almajirin da ya taɓa leƙa kundin malaminsa a Zariya ko Katsina zai gane tsarin nan take.

Sai dai kundi ba ya faɗin mai shi. Irin waɗannan takardu ana iya samunsu daga Futa har Barno. Me ya nuna na Kumasi ne?

Wasiƙu ne suka tona asirin. A cikin damman akwai 'yan wasiƙu tsakanin Musulmin Kumasi da 'yan'uwansu na arewa, musamman limaman ƙasar Gwanja, wasu ma suna isar da gaisuwa da addu'a ga sarkin Asante kansa. Da Levtzion ya jera sunayen da ke cikin wasiƙun kusa da sunayen mutanen da Bowdich da Dupuis suka ce sun zauna da su, sai wasu suka dace. Ta haka aka san garin, aka san zamanin: Kumasi, farkon ƙarni na 19. Ga baƙi sun ga malamai suna sayar da laya, ga kuma kundin malaman da hannunsu. Shaida biyu sun haɗu.

Saura tambaya ɗaya a wannan gaɓa. Yaya kundin malaman Kumasi ya je Danmak?

A wancan lokaci mutanen Danmak ne ke riƙe da ganuwar Kiristiansbog da ke Osu, a Akra. A watan Janairu na 1824 rundunar Asante ta kashe gwamnan Ingila, Charles MacCarthy, a Nsamankow. Bayan shekara biyu sabon sarki, Osei Yaw Akoto, ya jagoranci runduna zuwa kudu. Ranar 7 ga Agusta, 1826, aka gwabza a Katamanso kusa da Dodowa. A ɗaya ɓangaren akwai mutanen Ga, Fante, Akyem, Akwamu, Denkyira da wasunsu, Ingilishi da 'yan Danmak suna mara musu baya. Da yaƙi ya yi zafi aka harba rokoki cikin rundunar Asante, sahu ya watse, aka bar sansanin sarki da dukiya mai yawa. Masu binciken damman sun fi karkata ga cewa a cikin wannan ganima aka tsinci takardun, suka shiga hannun 'yan Danmak a Osu, jirgi ya kai su Kofenhagen. In haka ne, malaman sun bi sarki har fagen fama da kayan aikinsu, suna rubutu ana yaƙi.

Me ya sa aka karɓi laya aka ƙi addinin?

Mai karatu zai ce, in har sun yarda da rubutun malamai haka, me ya hana su musulunta?

An taɓa zuwa kusa. Osei Kwame, wanda ya hau karaga a 1777, ya shaƙu da Musulmi ƙwarai. Malaman Kumasi sun gaya wa Dupuis cewa a zuciyarsa mumini ne. Manyan fada suka tsorata. Musulunci yana daidaita bawa da ɗa a sahun salla, yana raba gado ta wajen uba, alhali sarauta da gado a Asante ta wajen uwa suke bi, yana kuma hana hidimar kujerun kakanni wadda ita ce ginshiƙin mulki. Wannan tsoro ya haɗu da rikicin cikin gidan sarauta, aka tuɓe Osei Kwame a wajajen 1800. Waɗanda suka gaje shi sun ɗauki darasi. Sun riƙe malami kusa, sun ajiye addininsa a bakin ƙofa.

A zamanin Kwaku Dua na farko, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1867, aka ba wannan zama siffar hukuma. Aka hana fataken arewa shigowa tsakiyar ƙasar, ciniki ya tsaya a Salaga. Musulmin da ke yi wa fada aiki, waɗanda ake kira Asante Nkramo, aka naɗa musu limami, aka sa shi ƙarƙashin Nsumankwaahene, shugaban masu maganin sarki. A idon fada, malami likita ne kuma mai tsari, kujerarsa tana kusa da ta masu saiwa. Wannan muƙami na limamin Asante Nkramo yana nan har yau.

Su kuma malaman, me ya sa suka yarda su rubuta sunan Allah su miƙa wa wanda ba ya salla? Zinariya tana ciki, ba a musu. Amma akwai karatu a bayan abin. Wangarawa da almajiransu sun gaji koyarwar Alhaji Salim Suwari, wanda ya karantar cewa Musulmi zai iya zama a ƙasar da ba ta Musulunci ba muddin an bar shi ya yi addininsa, cewa shiriya ta Allah ce a lokacin da Ya so, kuma aikin Musulmi shi ne ya riƙe ilimi ya nuna hali nagari. A daidai zamanin malaman Kumasin nan, daga 1804, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ɗauki wata hanya a ƙasar Hausa, yana sukar malaman fada da masu gauraya addini da al'ada. Labarin Sakkwato ya iso Kumasi ta bakin fatake. Amma Musulmin Kumasi 'yan tsiraru ne a tsakiyar daula mai dubban bindigogi, sai suka zaɓi zaman amana: addu'a da alƙalami daga gare su, kariya da 'yancin salla daga sarki.

Ta tsare shi?

Damman Kofenhagen da kansu sun ba da amsa. Kundin maganin harsashi, bisa ga dukkan alamu, ganimar yaƙi ne, an tsince shi a sansanin rundunar da aka kora. A watan Fabrairu na 1874 sojojin Garnet Wolseley suka shiga Kumasi suka ƙone ta. A 1896 aka kama Prempeh na farko aka fitar da shi daga ƙasarsa, bai dawo ba sai 1924. A 1900 aka murƙushe yaƙin Yaa Asantewaa. Rundunonin da suka yi yaƙin 1874 da na 1900 sun fita da layu a jikinsu. Laya ta ba mayaƙi ƙarfin zuciya ya tunkari wuta, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a fagen fama, amma ba ta juya harsashi ba. Musulmi ya san dalili. Tsari na Allah ne, kuma ajali ba ya duba abin da ke rataye a wuya.

Duk da haka neman tsari daga arewa bai ragu ba. Da kuɗin koko suka shigo a farkon ƙarni na 20, arziki ya zo da hassada da tsoron maita, sai mutanen kurmi suka riƙa ɗauko gumakan tsaro daga ƙasashen arewa. Aberewa ta bazu har gwamnatin mulkin mallaka ta hana ta a 1908. Nana Tongo ya zo daga duwatsun Talensi, Tigare ya zo daga wajen Wa ya mamaye kudu a shekarun 1940. Bokayen waɗannan wurare batakari suke sawa in za su yi aiki, wasunsu kuma suna cewa wadannin kurmi ne ke kawo musu saƙo. Wadanni da rigar arewa sun haɗu a jikin mutum ɗaya, shi ya sa mai kallo daga nesa yake ruɗewa ya ɗauka asalinsu ɗaya.

A wannan zamani ne Zongo ya kafu. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa fatake zuwa Kintampo, Atebubu, Yeji da Kete Krachi, inda Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna ya karantar har rasuwarsa a 1934. Bayan 1896 ƙofar Kumasi ta buɗe. Hausawa 'yan goro da mahauta da tsofaffin sojoji suka sauka, Mosawa da Yarabawa da Zabarmawa da Frafra suka biyo, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su. Malam Sallau, Bakatsine, ya riƙe sarautar Zongo daga 1919 zuwa 1932. Gari ya yi ta faɗaɗa har unguwannin baƙi suka kai Tafo, a kan hanyar nan da goro ya bi. Har yau mutumin Asante, Kirista ne ko mai bin al'ada, yakan shigo lungun Zongo da sassafe ya durƙusa ya ce, "Malam, a taimaka mini da addu'a."

Abin da ya tsare mu

Yanzu an warware ƙullin. Layun da ke rigar sarkin Asante rubutun malaman Musulmi ne na arewa, waɗanda hanyar goro da yaƙe-yaƙen Opoku Ware suka kawo Kumasi. An biya su da zinariya da kimar bayi. Kundinsu yana Kofenhagen, bisa ga dukkan alamu saboda an ci rundunar da suka raka a Katamanso. Hukuncin rataya laya kuwa malamanmu sun daɗe suna saɓani a kansa, 'yan ɗariƙa da Ahlus Sunna na Kumasi kowa da hujjarsa, kuma wannan magana tasu ce.

Amma akwai abin da tarihin ya nuna wanda ya shafi kowane ɗan Zongo. Fiye da shekara 200 ke nan Musulmi suna kiran salla a babban birnin daular da ba ta Musulunci ba. Abin da ya ba su wannan dama yarjejeniya ce da kakanni suka ƙulla: mai ƙasa ya kare baƙo, baƙo ya girmama mai ƙasa ya amfane shi. Duk lokacin da siyasa ta shiga tsakani mun ɗanɗana kuɗarmu. A 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Larden, manyan Zongon Kumasi, daga ƙasar. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, iyalai da yawa da aka haifa a nan suka kwashe kaya zuwa ƙasashen da ba su taɓa gani ba. A watan Fabrairu na 2016, a Tafo ɗin nan, rigima kan katangar maƙabarta ta haɗa matasan Zongo da mutanen sarkin Tafo, aka rasa rai, aka lalata dukiya, aka sa dokar hana fita. Abin da ya kashe wutar shi ne zaman manya, Babban Limamin ƙasa Shaihu Usman Nuhu Sharubutu da sarakunan Asante da shugabannin Zongo, wato tsohuwar amanar nan ta malami da fada.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Mutanen Zongo sun wuce wannan matsayi, domin kakanninsu suna kwance a maƙabartar Tafo, 'ya'yansu 'yan ƙasa ne. Amma zama ɗan ƙasa bai soke haƙƙin maƙwabtaka ba. Matashin Zongo da ya san cewa rubutun malamai yana jikin rigar da Asantehene ya fi girmamawa ba zai ɗauki kansa bare ba, kuma ba zai ɗauki dutse ya jefi gidan mai masaukin kakansa ba. Matashin Asante da ya san wannan tarihi shi ma ba zai ce da ɗan Zongo ya koma garinsu ba.

Saboda haka kira biyu nake yi. Na farko ga masu gadon malamai a Tafo, Aboabo, Asawase da sauran unguwanni: akwatunan takardun kakanninku da ke ƙarƙashin gado, gara da ruwan sama suna cin su. Wasiƙa ɗaya a cikinsu tana iya warware tarihin gari, yadda 'yan wasiƙu suka bayyana masu damman Kofenhagen. Ku fito da su, ku sa a ɗauki hotonsu, ku nemi masana su karanta su tare da ku. Na biyu ga limamai da sarakunan Zongo da malaman makaranta: ku koya wa yara wannan tarihi da Hausa da Twi, kuma ku riƙa zuwa gaisuwa fada tun ana zaman lafiya, kada ku jira sai rigima ta tashi. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah Ya tsare mu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da muka gada.